Ranar da muka ga Ruma daga sama

Shekara da shekaru da alli nake koyar da kwamfuta a wata sakandare a Batsari. Sai in zana ta a allo in ce, "Ga ta nan." In zan aika saƙo kuwa, sai na hau dutse ina ɗaga waya kamar mai roƙon ruwa. Shi ya sa da aka haƙa rami daga titi har makarantarmu, aka binne wayar intanet, tsaki na yi. Na ce ƙarshenta a bar mana rami awaki su riƙa faɗawa.

Ashe da gaske ake! Aka kawo kwamfutoci, aka kunna. Ina taɓawa shafi ya buɗe, ko ƙiftawa ban yi ba. Har tsalle na yi a gaban ɗalibai, ni da furfurata. Na buɗe taswira zan nuna musu Makka, sai wata yarinya, cikin waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Ruma, ta ce, "Malam, nuna mana garinmu."

Na jawo hoton garin da aka ɗauka daga sama. Nan take aji ya kaure: "Ga tsamiyarmu!" "Ga rijiya!" "Ga gonar Baffa!" Suna ta ture juna, na kasa tsawatarwa.

Yarinyar ta ƙura ido ta ce, "Malam, ga rumbunanmu a tsaye! Ba a ƙone su ba!"

Na san tsohon hoto ne. Sai kawai na ƙara mata girmansa.