Tikitin da Rago Ya Cinye

Duk wanda ya taɓa cin naman layya a Mount Hope ko Parkchester, unguwannin Bronx a New York, da wuya idan ba a motar Baba Mahamadou naman ya zo ba. Farar motar kaya ce, tsohuwa, ƙofar bayanta sai an haɗa da kafaɗa take rufuwa. Da ita yake raba buhunan shinkafa da manja da garin rogo a shagunan 'yan Afirka. Ranar babbar sallah kuwa, sai ya nufi wata gona can arewa, bayan gari, a yanka ragunan jama'a a feɗe, ya dawo da su gida-gida.

Mutumin Damagaram ne, ni kuma Bakano, don haka akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. Abin da ɗansa ba zai iya gaya masa ba, ni ina gaya masa in kwana lafiya. Sunana Hakeem. Na fara kwaleji na bari, na fara wankin mota na bari, yanzu tare muke sauke kaya da shi. Malam Rabin Boko yake kirana.

Da tallar laima da hular sanyi ya fara a garin nan, kafin ya tara ya sayi motar. Abu ɗaya kowa ya san shi da shi, ba ya ƙarya ko ta kasuwa. Mai shago ya tambaye shi ko manjan sabo ne, sai ya ce a'a, na watan jiya ne. Matarsa Inna Fatsuma takan ce gaskiyar Malam ce ta hana su mallakar gida.

Sallar bara, muna hanyar gona, ya ɗan taka mota don kada rana ta yi. Wani ɗan sanda ya biyo mu da fitila. Baba ya tsaya, ya miƙa lasin, ya dafa ƙirji yana ta ba da haƙuri da Turancinsa mai haɗe da Faransanci. Ɗan sandan ya dawo masa da lasin tare da wata doguwar takarda, ya yi murmushi, ya ce a sauka lafiya.

"Ka gani ko? Ya yafe," in ji Baba.

"Baba, tikitin tara ne fa."

"Kai Bakano, ina ka taɓa ganin jandarma ya maido maka da permi, lasinka na tuƙi, ya yi maka addu'ar hanya, sannan a ce da sauran magana? Wannan shaida ce ta cewa mun rabu lafiya."

A gonar ya ɗora takardar a kan shinge zai yi alwala. Kafin ya wanke ƙafa, wani rago mai baƙin wuya ya miƙo baki ya tauna ta. Ragon nan kuwa shi ne rabon gidan Baba. Wato dai tikitin, mu muka cinye shi a soye.

Aka yi watanni, kowa ya manta. Sai wasiƙa ta zo daga ofishin lasin, ta tsohon gidansu na Mount Hope ta bi, ta daɗe a hannun maƙwabci kafin ta iso. Na karanta musu a falo. Tunda bai amsa tikitin ba, idan bai je ya amsa ba kafin wata rana da suka sa, za a dakatar da lasinsa. Ranar kuwa gab da sallar bana take. Babu lasin, babu mota. Babu mota, babu shinkafar shaguna, ga mutane sun riga sun yi masa maganar raguna.

Inna Fatsuma ta ce, "Malam, ba ka ce an yafe ba?"

"An yafe. Ƙila labarin ne bai kai ofis ba."

Wasiƙar ta ambaci sunan wani ƙaramin gari, amma Baba ya ce ba a barin uwa a tambayi 'ya. Muka tafi babbar kotun nan ta Grand Concourse, muka cire bel da agogo, muka bi layi. Wani mai gadi ya ce ba a maganar tikitin mota a nan, akwai ofishinsu daban. Muka je ofishin. Matar da ke bayan gilashi ta danna kwamfuta ta ce nasu na cikin birni ne kawai, namu na wata kaunti ne.

"Mece ce kaunti?" Baba ya tambaye ni.

"Kamar ƙaramar hukuma."

"To Bronx fa?"

"Ita ma kaunti ce."

"Amma cikin New York take."

"Can ɗin ma New York ne."

Ya dube ni kamar ni na raba ƙasar. Gaskiya ni ma a nan bokona ya tsaya.

Na shiga intanet a waya na sa sunansa, babu. Na juya sunan, na uba a gaba, babu. Na sa ranar haihuwarsa, ɗaya ga Janairu, irin ta rabin dattawan masallacinmu, nan ma shiru. Wani shafi yana neman lambar tikiti. Na ce masa lambar tana cikinsa, ya yi gyatsa mu ji. Bai yi dariya ba.

Na buga wa kotun kauntin waya. Suka ce su manyan shari'u suke yi, tikiti na kotun gari ne. Na nemi ta garin, sai ga biyu da suna iri ɗaya, ɗaya ta gari, ɗaya ta ƙauyen da ke cikin garin, kowace da alƙalinta. Ta farko na'ura ce ta amsa. A ta biyu wata dattijuwa ta ɗauka, ta nemi lambar lasin, na ji ƙarar takardu, sannan ta ce ga shi nan, gudu ne. Ta ce alƙali rana ɗaya yake zama a mako, da yamma, mu zo.

Ran tafiya Baba ya fito cikin babbar riga shuɗiya, da ledar kilishi a hannu.

"Na wa ye wannan?"

"Ba a zuwa wurin babba hannu rabbana."

"Baba, ka miƙa wa alƙali wannan, daga tikiti sai gidan yari. Bar shi a mota, ni zan karɓa a madadinsa."

Kotun ba ta kai masallacinmu girma ba, gini ɗaya suke da wurin ajiye motocin kwashe ƙanƙara. Mutane na zaune a kujerun roba, kowa da tikitinsa a hannu, mu kaɗai muka zo da baki kawai. Akawun, ita ce dattijuwar waya, ta ce tunda ya bayyana maganar dakatarwa za ta tashi, saura ya amsa laifin kansa. Ta nuna mana wata lauya a teburin gefe, ta ce kowa sai ya gan ta kafin alƙali.

Baba ya riga ya shirya jawabinsa tun a hanya: na yi laifi, a yi haƙuri. Haka ake yi gaban manya, ko da gaskiyarka, balle ba ka da ita. Lauyar ta duba tarihin lasinsa ta girgiza kai. Ta ce akwai tsofaffin makin laifin tuƙi a kansa, idan na gudun nan ya hau, lasin na iya tafiya duk da haka. Amma ga sauƙi. Za ta sauke maganar gudu, shi kuma ya amsa cewa ya yi fakin a kan titi inda bai dace ba. Wannan tara ce kawai, babu maki.

Na fassara masa ina murna. Ya ce in sake. Na sake.

"Ni ban yi fakin ba. Gudu na yi."

"Ta sani, Baba."

"Ta sani, kuma take so in ce tsayawa na yi?"

"Haka suke yi. Duk mutanen nan da ka gani, fakin za su amsa."

Ya waiga ya ƙare musu kallo. "Duk maƙaryata ne ke nan?"

Na ce to da ɗan sandan ya tsayar da mu, ai a kan kwalta muka tsaya. Ya ce wannan tsayuwar umarni ce, ba laifi ba. Na ce sulhu ne. Ya ce sulhu ya sani, amma bai taɓa jin sulhun da za a ce wanda ya saci akuya ya amsa cewa kaza ya taka ba. Lauyar tana duban agogo, layi ya taru a bayanmu. Na tuna masa raguna, na tuna masa Inna Fatsuma da hayar gida. Ya murza gemu.

Can ya ce, "Ce mata ina zuwa."

Na bi shi waje. Ya shiga motar, ya fito da ita daga inda muka ajiye ta tsaf, ya kai ta kan titin gaban kotun, ya gicciye ta, ya kashe. Ya zauna riƙe da sitiyari, babbar riga ta cika kujera. Wata mota ta zo ta yi hon ta kewaye. Ni ina tsaye ina leƙen ko ɗan sanda zai ɓullo mu koma gida da tikiti biyu.

"Ya isa laifi?" ya tambaye ni ta taga.

"Ya isa har da gyara."

Ya mayar da motar wurinta, ya gyara hula, muka koma. Da aka kira sunansa, alƙalin, wani farin dattijo mai hannun manoma, ya tambaye shi ko ya amsa laifin fakin a kan titi. Baba ya dafa ƙirji ya ce ya amsa, da murya har na baya suka ji. Aka yanka tara, akawu ta buga hatimi, ta ce lasinsa na nan daram.

A hanyar dawowa ina cin kilishin alƙali, bakina ya ƙi zama lafiya. Na ce, "Baba, amma fa a takardar ranar sallar bara suka rubuta, fakin ɗinka kuwa na yau ne."

Ya ɗaga ƙafa daga totur, mota ta fara rage gudu, yana neman wurin juyawa. Na ga zan jawo mana wata tafiyar.

"Amma ai ba ranar aka tambaye ka ba," na ce da sauri. "Laifin aka tambaye ka."

Ya daɗe yana auna maganar. Sannan ya fizge ledar kilishin daga cinyata ya tura ƙarƙashin kujerarsa.

Sallar bana raguna sun iso kowane gida. Da muka zo daidai wurin da aka tsayar da mu bara, Baba tafiya yake kamar mai rakiyar amarya, motoci sun yi jerin gwano a bayanmu suna hon. Har yau idan aka tambaye shi a masallaci yadda shari'ar ta ƙare, cewa yake bai gane ba. Ya yi gudu an ce ya tafi, ya tsaya an ci shi tara. Takardar kotun kuwa a cikin hularsa take kwana, ya ce ko rago ya yi tsalle ba zai kai can ba.