Makullin da Habila Ya Ajiye

Kullum kafin ƙarfe shida, Malam Habila ya jingine kekensa a ɗakin injin kwalejin nan tamu ta Tudun Wada. Sai ya duba mai, ya taɓa janareta da bayan hannu kamar mai jin zazzaɓin ɗa, sannan ya leƙa mita. Shekara ashirin da shida ke nan. Watan gobe zai yi ritaya.

Ni Gwadabe, tankar mai na ja kafin gwiwa ta zaunar da ni a bakin ƙofar kwalejin ina sayar da goro. Na san masu janareta. Duk mai riƙe da makullin tankin dizal, jarka ba ta nisa da shi. Don haka gaisuwa kawai ke tsakaninmu, idona na kan kekensa.

Bara kwaleji ta ce hayaƙi da tsadar dizal sun ishe ta, za a koma sola. Wani injiniya ya zo da kwamfuta, ya auna wutar da ake sha, ya ce a shimfiɗa farantan sola, a sayar da janareta duka biyu. Kowa a wurin taron ya tafa, ban da Habila.

"Ranka ya daɗe, yaushe ka yi awon?"

"Makon jiya."

"Ai hutu ake yi. Ƙadangaru ka auna. Ɗalibanmu tun asuba suke jona dutsen guga da hita, rana ba ta ko leƙo ba. Batirin da zai ɗauke su, sai an sayar da makarantar."

Na ce a raina, ga ta nan! Ɓera ba ya son a rushe rumbu. Ba ni kaɗai ba, har an fara cewa a sallame shi, ya tafi gida da sunan ɓarawo.

Inna Talatu, shugabar kicin, tana wurin taro na biyu, ita ta ba ni labari. Habila ya ce sola ta riƙe azuzuwa, ta ɗora ruwa a tanki da tsakar rana, ƙaramin batir ya tsare firijin ɗakin magani. Babban janareta a sayar, ƙaramin ya yi awa biyu da safe. Sai ya ciro makullin tankin dizal ya ajiye a tebur.

"Ku ba Inna Talatu."

"Na shiga uku! Habila, tukwanen ba su ishe ni ba?"

Ɗalibai suka dawo, aka sake awo, mita ta gaskata shi. Tsarinsa aka bi. Yanzu injin nan takwas na yi ya yi shiru.

Habila, kai ne ka rage wa kanka dizal da bakinka, abin da ban taɓa gani ba daga Kwangila har Legas. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Masu riƙe da makullai, ga irin yadda ake yi.

Shekara tara ina sa maka ido. Kwanon abinci kawai na taɓa gani a kekenka.