Gishirin da Na Zuba wa Murjanin Mama

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama. Lokacin da abin nan ya faru ina goyon 'yata ta fari, ina aikin girki da shara a gidan wata dattijuwa a nan Tudun Wada. Karatuna a aji uku na firamare ya tsaya, kuma ni mai yawan fargaba ce, ko kofi na fasa sai in wuni gabana yana faɗuwa. Dattijuwar Kirista ce, tsohuwar nas, mijinta ya rasu. Mama nake kiranta, ita kuma 'yata take ce mini.

A falonta akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da fitila mai shuɗin haske da ɗan inji mai juya ruwan. Kifi biyu ne kawai a ciki, abin da take ji da shi murjani ne. Ni murjanin wuya na sani, ashe a ruwa abu ne mai rai, yana buɗewa kamar fure yana kaɗawa. Akwai babba guda mai rassa kamar ƙahon barewa, wanda ta ce marigayi mijinta, malamin jami'a, ya kawo shi bai fi ɗan yatsa ba, ya yi shekaru yana renonsa. Kullum da safe sai ta ja kujera gabansa da kofin shayinta. Ta taɓa ce mini cikin duk abin da ya bari, shi kaɗai ne har yanzu yake girma.

Ana tsakiyar zafin bazara aka ce za a yi mata aikin ido a Kaduna, za ta yi mako uku a gidan ɗanta. Ta tsaya tana yi mini bayani, yarinya tana tsala kuka a bayana, ni kuwa sai to, to nake cewa, ko rabi ban ji ba. Ta rubuta komai a takarda ta manna a bango, ta tambaye ni ko zan iya karantawa. Na ce ƙwarai kuwa. Kunya ce ta sa ni wannan ƙaryar.

Bayan kwana huɗu na ga ruwan ya ja baya daga layin da ta ce a riƙa cikawa. Na ɗanɗana na akwatin, gishiri. Na ɗanɗana na jarkar da ta ajiye don cikawa, lami. Sai na ce lalle ciwon ido ne ya sa ta manta. Na ɗebo gishirin miya na dama a jarkar har ɗanɗanon ya zo ɗaya, na cika, ina ma jin na yi dabara. Haka na riƙa yi.

Wallahi ba rashin lura ba ne. Na ga ƙananan sun dunƙule kamar hannun jariri mai zazzaɓi. Na ga babban yana fitar da yauƙi, launinsa yana koɗewa daga gindi. Na ce yunwa ce, na ƙara abinci, ruwan ya gurɓace. Sau biyu Mama tana bugo waya, ta fara tambayar yarinyata da tsokanar ko ta bar ni na yi barci, sannan ta tambayi murjani. Duka biyun na ce lafiya lau.

Ranar da ta dawo ko jaka ba ta ajiye ba. Ta nufi akwatin, ta ɗauko wani ɗan ma'aunin gishiri ta ɗiga ruwan ta duba, ta tambaye ni abin da na zuba. Na durƙusa na faɗi komai. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, ni da nake girki, in miya ta tsotse a kan wuta, gishiri nake ƙara mata ko ruwa? Zafi ruwa yake shanyewa, ya bar gishirin. Abin da na sani tun ina yarinya ke nan, amma tsoro ya rufe mini ido.

Mako biyu muka yi muna jinya. Muna sauya ruwan kaɗan-kaɗan, don ta ce canjin gaggawa shi ma kisa ne. Muka rage hasken fitila, muka daina yawan abinci, muka sa fanka. Ƙanana biyu suka farfaɗo. Babban kuwa ya zama fari fat, ƙashi kawai.

Ba ta kore ni ba. Ta ce da na faɗi gaskiya a wayar farko, da magana ɗaya ta isa. Daga nan ta fara koya mini karatu da la'asar, kuma da takardar bangon muka fara. Layi na biyu, da na haɗa baƙaƙensa da kaina, cewa ya yi kada a ƙara gishiri.

Yanzu ƙashin yana kan kantar falo kusa da hoton marigayi, ni nake goge shi. Mama kuwa a ɗaki take shan shayinta. 'Yan uwana mata, in an ba ku amana ba ku gane ba, ku ce a maimaita. In kun ga abu ya fara canzawa, ku faɗa tun yana da sauran rai. Kunyar minti ɗaya na guje wa, ga shi kullum da safe sai na ɗaga kujerar nan na share ƙarƙashinta, ba mai zama.