Allon Ƙofar Yaya Wendell

Yayana Wendell Hrabak yana da shanun madara arba'in da biyu a tsaunukan arewacin Pennsylvania, da taurin kan da ya ishi gari guda. Shekara talatin allo na rataye a ƙofar gonarsa: "Ma'aikacin gwamnati kada ya shigo." Ni Arlene, ƙanwarsa, halinsa ya ishe ni tun kafin mu binne Baba.

Da kamfanin gas zai fara haƙa a gonar maƙwabcinsa, aka turo wata mata daga ɗakin gwaji ta ɗebi ruwan rijiyar kowane gida, don a san yadda yake kafin a fasa dutsen ƙasa. Kowa ya bari ta ɗiba. Wendell ya hango farar mota da takardu, ya ɗauka 'yar gwamnati ce, ya sakar mata kare.

Na ce, "Yaya, kanka ɗaya kuwa? Wannan gwajin shi ne shaidarka gobe."

Ya ce, "Ke rufe min baki! Ruwan da kakanmu ya sha ba ya neman takarda."

Wata bakwai aka yi, famfo ya fara tartsatsi, ruwan ya yi fari yana wari. Shanu suka ƙi sha, madara ta ja baya. Sai ga gogan naka yana ɗura ruwan a kwalaben da marigayiya matarsa take adana tumatir a ciki, yana rubuta kwanan wata a murfi.

Da ya kai su ofishin jiha, wani jami'i mai naktaye a wuya ya ce, "Dattijo, ina gwajin farko? Da me za mu kwatanta? Ruwan da ka ɗiba da hannunka kuma ba shaida ba ne."

Ya yi tuƙin awa huɗu zuwa ofishin tarayya. Can ma suka ce, "Izinin haƙa da rijiyar gida na jiha ne. Da rafi ne ya ɓaci, ko iska, da mun zo."

Tir da su duka! Sau uku suna jifa da tsoho tsakaninsu, ko kwalba ɗaya babu wanda ya buɗe.

A watan Oktoba motar dillali ta kwashe shanun. Na kai masa jarkokin ruwa, na tarar da shi tsaye a ƙofa.

Ya ce, "Arlene, tun Afrilu na cire allon. Me ya hana su zuwa?"

Wallahi "Allah ya ƙara" na bakina, na haɗiye. Na sauke masa jarkokin. Biyu sun ishe shi yanzu, tunda shi kaɗai ke sha.