Kailu Manzo da Jiran Balazar

Haihuwa da Karatu

A garin Filinge aka haifi Kailu Manzo a shekarar 1958, ɗan fari ga Manzo, manomin gero, da Safi mutuniyar Sanam. Ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a 1965, ya kammala sakandare a Yamai zamanin mulkin soja, sannan gwamnati ta tura shi Turai a 1979 inda ya nazarci ilimin taurari.

Aiki da Iyali

A 1988 ya kama aiki a wata cibiyar hangen sama, aka danƙa masa sa ido kan wani balazar, wato cibiyar tarin taurari mai nisan gaske wadda haskenta kan yi shekaru a kwance sannan ya ɓarke farat ɗaya. Yakan auna shi da na'ura mai kama hasken da ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani. Burinsa ɗaya ne, ya rubuta ɓarkewar tun daga somawarta. Ya auri Muna 'yar garin Damana a 1990.

Damanar 1997

Bayan rasuwar mahaifinsa gandun gida ya koma hannunsa, kuma a gidansu ba a jefa iri sai babban ɗa ya sari ramin farko. Saboda haka duk Yuni yakan bar na'ura ya taho gida Kurfai, yankin Filinge. A 1997, yana tsakiyar shuka, balazar ɗin ya ɓarke ya lafa cikin kwana goma sha tara, ba kowa a kan na'urar. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya aika wa ƙannensa cewa su yi shuka abinsu, shi kam ba ya sake ɗagawa daga kan na'urar. Sai da ya shekara ashirin da ɗaya bai ga damana a gida ba, har ƙannen suka gaji suka raba gandun. Balazar kuwa ko gezau.

Rasuwa

Ya ajiye aiki a 2018, ya komo Filinge ba shi da ko taƙi guda na gona. Allah ya yi masa rasuwa ranar 4 ga Maris 2021, aka binne shi a makabartar garin bayan sallar la'asar. Ana zaman sadakar uku saƙo ya iso wayarsa daga tsofaffin abokan aikinsa cewa hasken ya fara tashi, ya hanzarta ya duba. Ya bar matarsa Muna da 'ya'ya huɗu: Fati, Issa, Ibrah da Baƙo.