Jan Wayar da Baba Ya Naɗa wa Ƙugiya

Ranar wata Asabar, cikin bazarar shekarar da na fara azumi, rijiyar gidanmu a Turba ta koma laka. Ina taya Inna surfen gero lokacin da yayana Garba ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zura ta cikin ƙugiyar ƙarfen da ke rataye a gungumen bakin rijiya. Baba ya riƙe ɗaya bakin. Garba ke yashe mana rijiya kowace shekara. Ya yi mini gwalo, ya ce in ajiye masa ƙanzo.

Ƙugiyar tsohuwa ce. Tun shekarun baya da wuyanta ya fara tsagewa, Baba ya samo jan waya daga wani mataccen injin ban-ruwa, ya naɗe wurin tam. Yakan ce, "Jan ƙarfe ba shi tsatsa." Kullum igiyar guga na jiƙa ta da ruwanmu mai zartsi. Mu yara mukan goge wayar da toka ta yi ƙyalli, muna cewa awarwaron rijiya ne. Babu wanda ya taɓa duba ƙarƙashinta.

Garba bai kai rabi ba ƙugiyar ta ɓalle. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar uku, Sanda maƙeri ya warware wayar. Tana nan lafiya lau. Ƙarfen da ta rufe kuwa ya zama jan gari. Ya ce, "Malam, wagga waya ita ta ci shi." Baba bai ƙara shan ruwan rijiyar ba har ya rasu.

Yanzu ina zaune a garin Isa, 'yan bindiga sun tashe mu daga gida. Rannan jikata Hadiza, 'yar sakandare, tana haddar darasi da ƙarfi. Wai an auna kowane ƙarfe da lantarki an ba shi lamba, wanda lambarsa ta fi ƙasa shi ya fi saurin ba da kansa. Tutiya kafin baƙin ƙarfe, baƙin ƙarfe kafin jan ƙarfe. In biyu suka haɗu cikin ruwa, na ƙasa ke cinyewa.

Na ce, "Ke, mi a tutiya?"

"Kaka, abin da aka shafa wa kwanon rufi."

"In ita aka naɗa wa baƙin ƙarfe fa?"

"Ita za ta cinye, shi ya tsira."

Guntayen kwanon rufi na nan tuli a bayan rumbunmu a Turba lokacin. Da su muke wasan girki.