Bindigar da Ba Mu Saya Ba

Shekarar da wuta ta cinye rufin babban cocin nan na tsakiyar Paris, a cikinta ne aka ture matata a kan matakalar benenmu na Vénissieux, wajen birnin Lyon. Ina riƙe shekarar da wutar ne domin da yammacin ranar muna lodin kwalaye a Aubervilliers, bakin Paris, wani ɗan Chadi abokin aikina ya ɗaga wayarsa yana nuna mana hayaƙi, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Ba a jima ba bayan haka, wata rana da azahar, sai tawa wayar ta yi ƙara. Maƙwabciyarmu ce. Ta datse gaisuwa ta ce, "Malam, ka taho gida. Tana da rai, amma ka taho."

A lokacin zamanmu a rabe yake. Ni ina Paris, ɗaki ɗaya da wasu 'yan Nijar, ina turin kwalayen takalma da jakunkuna a sitocin 'yan kasuwa. Ita tana wajen Lyon, tana aikin kula da tsofaffi gida-gida. Ɗiyarmu ɗaya ce, tana karatu a wani gari. Sau biyu a wata nakan hau motar haya in je gida, in kwana biyu in komo.

Ranar, asansar ɗin benen, na'urar da ke hawa da mutane sama, ya lalace, sai ta bi matakala. Wani mutum ya biyo ta a baya, ya fizge jakarta, ta ƙi saki, ya ture ta. Ta karye a wuyan hannun dama. A cikin jakar akwai 'yan kunnen zinariya na mahaifiyarta da ta karɓo daga gyara. Ba a kama mutumin ba.

Hannu ya fara ɗinkewa, amma ita ba ta dawo yadda take ba. Matar da na sani mai surutu ce, mai tsokana, wadda ke kirana "Malam maras karatu" don ban iya karanta ko sunan tasha ba. Yanzu sai ta jingina kujera a jikin ƙofa. In yaro ya ruga a baranda ta zabura. In na kira ta daga Paris ba ta ce mini komai sai "lafiya lau", da murya irin ta wanda ke sauraren wani abu dabam.

Wata Asabar ina gida, muna cin tuwo, ta ajiye cokali ta ce, "Malam, bindiga za mu saya. Ƙarama, ta hannu."

Na dube ta in ga ko wasa take yi, na ga da gaske take.

"Ai kai ɗan maharbi ne," ta ce. "Ka san kanta. Ka riƙe ta, ka koya mini a hankali."

Gaskiya ne babana maharbi ne a wajen Tawa. Amma tasa bindigar toka ce, doguwa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma abin da na fi tunawa game da ita shi ne hannun ƙanen babana, da ya rage yatsa biyu tun ranar da tasa ta fashe. Ba na son bindiga. Na yi tunanin wata rana in iso gida ba ta san da zuwana ba, in sa makulli a ƙofa, ita kuma tana ciki a firgice da abin a hannunta. Na yi tunanin ɗiyarmu in ta zo hutu. Amma da wane baki zan ce a'a? Ranar da aka ture ta ina can nesa ina kallon takalman mutane a kwali. Wanda bai tsare matakala ba ba shi da ƙarfin hana komai. Na ce mata, "To, Allah Ya kai mu."

Dole in faɗi yadda muke tafiyar da gidanmu, in ba haka ba abin da ya faru ba zai fahimtu ba. Tun zuwanmu ƙasar nan muka raba aiki: ita ke sa hannu, ni ke ɗauka. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, Faransanci ya zauna a bakinta da idonta. Gidan haya da sunanta yake. Firji, ita ta sa hannu, ni na goya shi har sama. Wayar da ke aljihuna a Paris ma sunanta ne a kai. Duk shagon da muka shiga, sai in tsaya a gefe in ce wa mai shago da Faransancina na kasuwa, "Madam ke sa hannu, ni ke ɗauka." Sai a yi dariya, a miƙa mata biro, a miƙa mini kwali. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ce mana don me.

Da na sake zuwa gida muka hau taram, jirgin kan titi, muka canza zuwa metro na ƙarƙashin ƙasa, muka shiga cikin Lyon. Ta riga ta nemo shagon a wayarta. Ƙofarsa ma ba a tura ta sai an danna ƙararrawa an buɗe daga ciki. Yawancin kayan na mafarauta ne: riguna masu launin ganye, takalman roba, dogayen bindigogi a jere an ɗaure su da sarƙa. Ƙananan suna cikin akwatin gilashi a kulle. Wurin yana warin mai da fata.

Mai shagon dattijo ne, mai furfura da tabarau rataye a wuya. Ya gaishe mu da mutunci. Matata ta nuna wata baƙa da hannunta na hagu, don na dama har lokacin yana cikin ɗauri. Ya dubi hannun, ya dube ta, ya dube ni. Makullan akwatin suna kan teburinsa, bai taɓa su ba. Ya ce, "A cikinku wa zai mallake ta?"

Kafin ta buɗe baki, bakina ya riga ya faɗi abin da ya saba.

"Madam ke sa hannu, ni ke ɗauka."

Shi bai yi dariya ba. Ya jawo makullan ya sa a aljihu. Ya ce mu zauna, ya yi magana a hankali, yana tsayawa don ita ta fassara mini inda na ɓace.

Ya ce bindiga ba firji ba ce. Ba a saya wa wani, ko miji ne ko mata. Wanda sunansa ke kan izini shi kaɗai ke riƙe ta, shi ke kulle ta a akwatin ƙarfe, kuma in ya miƙa wa wanda ba shi da izini dukansu biyu sun shiga laifi. In mu biyu muke so, to mu biyu za a bincika, kowa da kansa, kowa da nasa izinin. Ya ce kafin a kai ga nan ma sai mutum ya shiga ƙungiyar masu wasan harbi, ya yi watanni yana zuwa ana ganinsa, ya kawo shaidar likita cewa jikinsa da hankalinsa lafiya, sannan hukuma ta duba ko ya taɓa yin laifi, ko sunansa na cikin waɗanda aka haramta wa makami. Sai bayan duk wannan takarda za ta fito, in za ta fito. Ya ƙara da cewa tsoron ɓarawo a gida ba dalili ba ne da hukuma ta saba karɓa.

Matata ta ce masa, "Mijina bai taɓa shiga hannun 'yan sanda ba. Ni ma haka."

Ya ce, "Na yarda, Madam. Amma ba ni ke dubawa ba. Kuma abin da maigidanki ya faɗa yanzu, na riga na ji shi. Ba zan iya yin kamar ban ji ba."

Ya raka mu har ƙofa, ya ce Allah Ya ba hannun lafiya, a irin tasu hanyar faɗa.

Da muka fito titi sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga kafaɗa. Na sunkuyar da kai don kada ta gani a fuskata. Ta yi gaba da sauri, ina bin ta, har bakin kogi. Can ta juyo.

"Bakinka, Malam! Bakinka! Wa ya tambaye ka?"

"Ni ya duba."

"Ya dube ka don kana tsaye kamar turmi. Da ka yi shiru mana."

"Ko na yi shiru, Hajiya, ai kin ji jerin abin da ya lissafa. Yau dai ba ta bin mu gida."

"Kada ka ce mini Hajiya, ban je ba tukuna." Ta zauna a kan benci. Ta ƙura mini ido. "Kai murna ma kake yi."

Ban musa ba. Jirgin ruwan masu yawon buɗe ido ya wuce. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wata mata a unguwa ta gaya mata akwai samarin da ke sayarwa a bayan garejin motoci, ba takarda, ba tambaya.

A nan na gane mai shagon ya yi mini rabin aiki ne kawai, sauran nawa ne. Na ce, "Wannan kam a'a. Ban taɓa hana ki abu ba tun da aka ɗaura mana aure, amma wannan na hana. In kina son ta hanyar da dattijon nan ya faɗa, ki bi, da sunanki, a hannunki, ni zan raka ki duk inda za a je. Ta bayan gareji ba ta shiga gidana."

"Gidanka? Sunan wa ke kan takardar haya?"

"Naki. Ni na ɗauko firjin."

Dariya ta kusa kufce mata, ta danne. Muka kama hanyar gida.

Ta ɗauki hanyar da gaske. Matakin farko da ta zaɓa shi ne shaidar likita, don tana ganin shi ya fi sauƙi. Na nemi hutu na raka ta, na zauna a waje. Ta daɗe a ciki fiye da yadda ake daɗewa. Da ta fito idonta ya yi ja. A taram ta gaya mini likitar, wata mace mai shekarunta, ta duba hannun, ta tambayi me za a yi da shaidar, sannan ta ce mata, "Yaya barcinki?" Ta ce daga wannan tambayar ba ta san lokacin da ta fara kuka ba. Ba ta karɓo shaidar ba. An haɗa ta da wata mai sauraren waɗanda irin wannan abu ya same su, ta riƙa zuwa.

Ni kuma na koma Aubervilliers na yi sallama da maigidan sito, don in dawo gida gaba ɗaya. Ya ce ba zai riƙe mini gurbi ba, na ce na sani. Abokan ɗakina suka dafa shinkafa da wake, suka yi ta tsokanata wai mata ta ja ni da igiya. Na ce ƙwarai kuwa.

A sitocin wajen Lyon ba a gane kwali da launi ko da zanen da ke jikinsa kamar yadda na saba. Na'ura ake ba ka a hannu, ta rubuta maka layi da lamba, ka karanta ka je. Wurare suka mayar da ni. Haka na shiga ajin koyon karatu na manya a unguwarmu, na zauna a kujerar da ta yi mini kaɗan, tsakanin wata tsohuwa Balarabiya da wani direba ɗan Kamaru. Na fara da Faransanci, daga baya na gane haruffan nan su ne dai ke rubuta Hausa. Na yi jinkiri, amma ba inda nake sauri. Ranar da na fara sa hannu da cikakken sunana a wurin sabon aiki, matata ta ce yanzu sai ta nemo mini wani sunan tsokana, tsohon ya lalace.

Kujerar nan ta daina kwana a jikin ƙofa, ban san takamaiman ranar ba, wata safiya dai na gan ta a wurinta na da, kusa da taga. Har yanzu in asansar ya lalace ba ta hawa matakala ita kaɗai, sai ta kira ni in sauko. Ina saukowa. Maganar bindiga ba ta sake tashi ba. Wani lokaci mukan bi ta titin shagon, ta nuna shi da haɓa ta ce, "Ga inda ka tona mana asiri." In ce, "Alhamdu lillahi."

Abin da muka rasa a shekarar ga shi: jaka ɗaya, 'yan kunnen mahaifiyarta, ƙarfin hannunta na dama wanda har yau ba ya buɗe murfin kwalba, aikina na Aubervilliers, da gadona a ɗakin abokai.